Yadda za ka raka yaro a cikin rashi

Fara da gaskiya, ba kwana-kwana: ya mutu. Kada ka ce "Baba ya yi tafiya" ko "ya yi barci". Yaron da bai kai shekara 5 ba bai san mutuwa ba ta da dawowa ba. Zai riƙa leƙa ƙofa yana jira, ko ya ƙi kwanciya don tsoron kada barcin ya tafi da shi ma. Galibi sai tsakanin shekara 5 da 7 yara suke gane cewa mamaci ba ya numfashi, ba ya jin yunwa, kuma ba zai dawo ba.

Sai ka lalubo abin da yake ɓoyewa. Yara da yawa suna ɗauka su ne sila: "Rannan na ce wa Yaya ba na son sa." Gaya masa ɓaro-ɓaro cewa ciwo ne ko hatsari, fushinsa bai kashe kowa ba. Gobe zai sake tambaya, jibi ma haka. Ba shi amsa ɗaya, ba tare da ƙosawa ba.

Wajen darasi ne mu manya muke garaje. Hawaye bai bushe ba mun fara "ka zama namiji, yanzu kai ne babba". A ganina wannan ɗora kaya ne. Ma'anar da za ta zauna masa ita ce wadda ya tono da kansa, kai naka tambaya: "Me Kaka ta koya maka da ba wanda ya iya?" Wataƙila ya ce ɗaure igiyar takalmi. To, shi ke nan, bar shi ya koya wa ƙaninsa. Samo masa akwati ya tara hoto, tabarau, wata takarda mai rubutun hannunta, ya buɗe duk lokacin da ya so. In ya tashi daga kuka ya ruga wasa, ƙyale shi. Haka baƙin cikin yara yake zuwa, guntu-guntu.

Kai ma ka kula da kanka. Wasu masu bincike, William Worden da Phyllis Silverman, sun bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba a Amurka har shekara 2, suka gano cewa halin da mahaifin da ya rage yake ciki yana da babban tasiri kan yadda yaron zai farfaɗo. Kuka a gabansa ba laifi ba ne, amma lokacin makaranta da na barci su tsaya yadda suke.

Idan an haura wata 6 yana ƙin makaranta, ba ya barci, ba ya kula abokai, kai shi wurin likita. In ya ce yana so ya bi mamacin, kada ka jira, ku tafi a ranar.