Yadda ake zaɓen jarumar da za ta fito a matsayin matsafiya a finafinan Marvel da DC

Jan hasken nan da kake gani yana fita daga tafin hannun matsafiya a fim, ranar ɗauka babu shi a wurin. Jarumar tana tsaye ne gaban koren ƙyalle, tana murza yatsu a iska, tana zare ido ga wata alama da aka liƙa a jikin sanda. Sai bayan watanni masu aikin kwamfuta za su zuba wuta da hayaƙi a inda ta nuna. Shi ya sa zaɓen wadda za ta hau wannan rol ɗin ya fi zaɓen mai naushi da tsalle wuya: mai naushi yana da abokin faɗa a gabansa, ita kuwa dole ta sa mai kallo ya gaskata abin da ita kanta ba ta gani. Ga yadda ake bin aikin, tun daga littafin zane har ranar sanarwa.

Da farko, tsayar da wace matsafiya ce kake nema

Kafin a kira jaruma ko ɗaya, darakta da marubuci da mai tantance 'yan wasa suna zama su amsa tambaya guda: wace ce matar nan idan an cire mata sihirin? Matsafan littattafan zane ba iri ɗaya ba ne. Scarlet Witch ta kamfanin Marvel, wato Wanda Maximoff, wadda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro a 1964, mace ce da rashi ya yi wa katutu. Zatanna ta kamfanin DC, ita ma 'yar 1964, mai wasan rufa-ido ce a dandamali, ta gāji sana'ar mahaifinta, tana son tafi da shewar 'yan kallo. Enchantress ta DC, wadda ta fara fitowa a 1966, mutum biyu ce a jiki ɗaya: June Moone, da kuma abin da yake hawa kanta. Wadda za ta iya ta farko ba lalle ta iya ta biyu ba.

Akwai kuma wata matsala: waɗannan mata sun shekara kusan sittin a hannun marubuta daban-daban, kowa da yadda ya juya su. Wanda ta taɓa zama muguwa, ta koma jaruma, ta yi aure, ta rasa 'ya'ya, hankalinta ya gushe. Dole ka zaɓi zamani ɗaya daga tarihinta ka ce wannan za mu ɗauka. Idan ba a yi haka ba, za a tantance mata ɗari ba a san abin da ake nema ba.

Fim ɗin Suicide Squad na 2016 darasi ne a nan. Cara Delevingne ce ta fito a Enchantress, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 700, amma masu sharhi sun yi mata ca, musamman kan rangajin da take yi a ƙarshen fim. A ganina laifin rubutun ya fi nata yawa. An ba ta kwalliya mai ban tsoro da hayaƙi, ba a ba ta dalilin da zai sa a ji tausayinta ko a ji tsoronta ba. Babu jarumar da za ta cike ramin da marubuci ya bari.

Na biyu, rubuta takardar neman 'yan wasa

Wannan takardar ce ake tura wa wakilan jarumai. A ciki a faɗi shekarun da ake so, da halin matar, da irin wahalar jiki da aikin zai ci: rataya a igiya, awanni a kujerar kwalliya, tafiya wata ƙasa na watanni. Manyan kamfanoni sukan ɓoye ainihin sunan rol ɗin, su ba shi sunan bogi, har shafukan gwajin ma a rubuta na ƙarya don kada labari ya fita.

Abin da ya kamata ka guje wa shi ne kwafe siffar zanen cikin takardar, kalar gashi da tsayi da ƙirar jiki. Kama da wane ba wane ba ce. Agatha Harkness a littafin zane, tun fitowarta a 1970, tsohuwa ce tukuf mai furfura. Da an bi zanen, da Kathryn Hahn ba ta ko shiga layi ba, domin an fi saninta da barkwanci kuma ba ta kai waɗannan shekarun ba. Amma ita ce ta fito a WandaVision, shiri mai dogon zango kan Wanda, a 2021, ta yi ta wasa a matsayin maƙwabciya mai shisshigi kafin asirinta ya tonu, kuma ta karɓu har aka yi mata nata shirin a 2024. Gashi ana rina shi, furfura ana sa ta. Iya sa mutum dariya sannan a sa gabansa ya faɗi cikin daƙiƙa guda, wannan ba a sayo shi a ɗakin kwalliya.

Na uku, warware maganar asali tun yanzu

Siffa daban, asali daban, kuma nan ne kamfanoni suka fi yin tuntuɓe. A Doctor Strange na 2016, an ba Tilda Swinton, 'yar Birtaniya, rol ɗin Ancient One, wanda a littafin zane tsoho ne ɗan yankin Tibet. Kamfanin ya ce yana gudun tsohon salon nan na "dattijon Asiya mai hikima" ne, amma jama'a da dama sun ga an ƙwace wa 'yan Asiya gurbin da da ma ba su da irinsa da yawa. A 2021 shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya amince cewa da akwai hanyar da ta fi wadda suka bi. Ita ma Wanda, a littafin zane ta tashi ne a hannun iyalin Romani, al'ummar da ta sha tsangwama a Turai, kuma har yau akwai masu ƙorafin cewa fim ya share wannan ɓangaren ya ƙirƙiro mata wata ƙasa mai suna Sokovia.

Don haka ka tambayi kanka: asalin matar nan yana cikin ƙashin labarinta, ko kuwa ado ne kawai? Idan yana ciki, nemi jarumai daga wannan al'umma, ka neme su da gaske, ba a gwada biyu a ce ba a samu ba. Idan za ka canza, ka san dalilinka kafin 'yan jarida su tambaye ka.

Na huɗu, gwajin farko

Yau yawancin jarumai suna ɗaukar kansu a bidiyo ne a gida su turo. Mai tantancewa da mataimakansa su kalla, su tace, su miƙa wa darakta kaɗan. A Marvel, Sarah Halley Finn ce ta riƙe wannan aiki a kusan dukkan finafinansu tun Iron Man na 2008. Sana'a ce da aka daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba. Sai a 2024 hukumar Oscar ta sanar da ware mata kyauta ta kanta.

Shawarata a wannan mataki: kada ka ba su fitowar da ake tsafi. Ka ba su fitowa biyu da babu sihiri ko kaɗan. Ɗaya ta hira ce cikin natsuwa, a kicin ko a bakin gado. Ɗaya kuma inda aka zo mata da labarin mutuwa. Dubi abin da aka ɗora wa Elizabeth Olsen, wadda ta fito a Wanda, a cikin labarin tsawon shekaru: a 2015 ɗan'uwanta tagwai ya mutu, a 2018 ta hallaka masoyinta da hannunta don ceton duniya, a 2021 baƙin ciki ya sa ta tsare gari guda cikin mafarkinta, a 2022 ta koma abar tsoro tana neman 'ya'yanta. Kafin Marvel su ɗauke ta, an san ta ne da ƙaramin fim na 2011, Martha Marcy May Marlene, inda ta fito a yarinyar da ta gudo daga wata ƙungiyar asiri, tsoro bai sake ta ba. Babu faɗa a ciki, babu tashi sama. Irin wannan aikin ne ya kamata ka bincika a tarihin kowace jaruma, domin ƙarfin matsafiya a labaran nan kusan kullum daga wani ciwo yake fitowa.

Na biyar, gwajin jiki da murya, inda ake rarrabewa

Waɗanda suka tsallake sai a kira su ido da ido. Share ɗaki, ka bar shi fayau, ka ce mata: ga mota can, ɗaga ta da hannunki ba tare da kin taɓa ta ba. Sannan ka zuba ido. Wata za ta yi dariya don kunya. Wata za ta watsa hannuwa kamar mai korar ƙuda. Wadda kake nema ita ce za ka ga nauyin motar a kafaɗarta da wuyanta da numfashinta, har ka ji kamar ka matsa gefe. Sai ka canza umarni: yanzu motar ta fi ƙarfinki, yanzu kuma abin ya zo miki da sauƙi har ya ba ki tsoro. Abin dubawa shi ne ko tana jin gyara, domin ranar ɗauka darakta zai ce ta maimaita motsi ɗaya sau da yawa, kuma dole hannun ya sauka a wuri guda don masu kwamfuta su samu inda za su ɗora aikinsu.

Kada ka sa ran ta zo da salon hannun a shirye. Motsin yatsun Wanda da mutane ke kwaikwaya, Olsen ta gina shi ne tare da wata gwanar tsara rawa, Jennifer White. Saboda haka ka gayyato mai tsara motsi ya zauna a gwajin, ya koya mata ɗan abu na minti goma, a ga saurin ɗaukarta. Wadda ta taɓa rawa ko wasan dandamali takan fi sabawa da wannan, amma ba sharaɗi ba ne.

Murya ma haka. Zatanna tana yin sihirinta ne ta hanyar furta kalmomi a juye, daga ƙarshe zuwa farko. A takarda abin yana da kyau, a baki kuwa yana iya zama abin dariya. Duk mai neman Zatanna ya rubuta jimloli uku a juye ya miƙa wa jarumar, ya saurara ko za su fito kamar umarni ko kamar wasan yara. Idan rol ɗin yana buƙatar karin harshen wata ƙasa, kamar yadda Wanda ta fara da na gabashin Turai, a kawo mai koyar da lafazi tun a nan.

Na shida, haɗa ta da abokan wasa, sannan a gwada sutura

Mutum biyu ko uku da suka rage sai a haɗa kowacce da jarumin da za ta fi yawan fitowa da shi, a ɗauka a kyamara. Jituwa ba a ƙirƙiro ta da kwamfuta. Olsen da Aaron Taylor-Johnson sun fito miji da mata a Godzilla na 2014, shekara ɗaya bayan haka suka fito tagwaye, kuma sabon da ke tsakaninsu ya nuna.

Maganar sutura kuwa a yi ta a fili, da jarumar a zaune. Yawancin kayan da aka zana wa matan nan a shekarun 1960 maza ne suka zana su, kuma ba don gudu ko faɗa aka yi su ba. Olsen ta fito a 2018 ta ce da za a bi son ranta, da an ɗaga wuyan rigar da take sawa, domin rigar ta bar ƙirji a buɗe fiye da na sauran matan finafinan Marvel. Kayan da ta sa a ƙarshen WandaVision sun rufe jiki, sun kuma riƙe kambun kai na littafin zane, masoya suka yi na'am da su. Wannan ya nuna ana iya girmama zanen ba tare da an tauye mai sawa ba. Jarumar da aka tilasta wa kayan da take jin kunyarsu, rabin hankalinta yana kan rigar, ba kan wasan ba.

Na bakwai, yarjejeniya

A gaya mata gaskiyar tsawon tafiyar. Olsen ta fara leƙowa a 'yar gajeriyar fitowa a ƙarshen wani fim a 2014, ta kai 2022 tana rol ɗin, kuma ta faɗa cewa jadawalin ya hana ta wasu finafinan da ranta ke so. Charlize Theron ma haka aka shigo da ita a matsayin Clea, wata matsafiyar Marvel, a 2022, fitowa ɗaya bayan fim ya ƙare, wadda alƙawari ce na abin da zai zo gaba. Kenan ba fim ɗaya kake zaɓa wa jaruma ba. Ka duba ko za ta iya girma da rol ɗin shekara takwas ko goma.

Sai batun hoton jikinta. A irin waɗannan finafinai ana ɗaukar siffar jaruma gaba ɗaya a na'ura don a yi kwafinta na kwamfuta, wanda zai tashi sama ko ya faɗo daga bene a madadinta. Wannan na cikin abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar 'yan wasan Amurka daga Yuli zuwa Nuwamba 2023, kuma yarjejeniyar da aka cimma ta wajabta neman izini da biyan kuɗi kafin a yi amfani da kwafin. A rubuta a fili inda za a yi amfani da shi da inda ba za a yi ba.

Daga nan sai sanarwa. Masoya littattafan zane sun riga sun yi nasu zaɓen a intanet, kowa da jarumar da ya liƙa wa hoton, kuma duk wadda ka ɗauka wasu za su yi fushi, wani lokaci har da zagi da cin mutunci. Kada ka bar ta ita kaɗai da wannan. Darakta ya fito ya faɗi dalilin zaɓenta da bakinsa, a shirya mata wanda zai kula da shafukanta na makonnin farko, kuma idan da hali a saki sunan tare da ɗan guntun bidiyon da ke nuna ta tana wasan, don mutane su yi gardama kan aikinta maimakon kan hotonta.