Lasisinki ake saye: kurakuran sabbin NP wajen neman aiki a ƙananan asibitocin Amurka

A Amurka, NP nas ce da ta ƙara karatu har digiri na biyu ko sama da haka, ta ci jarrabawar hukumar tantancewa kamar AANP ko ANCC, aka ba ta ikon duba marar lafiya, ta gano ciwo, ta sa a yi gwaji, ta rubuta magani. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki, shi ya sa zan riƙa cewa "ke", amma maganar ta shafi maza daidai wa daida.

Ranar da kika kammala takardunki kin mallaki abubuwa uku masu daraja: lasisin jiha, lambar NPI mai alƙaluma 10 wadda da ita ake cajin inshora, da rajistar hukumar DEA wadda ke ba ki damar rubuta magungunan da doka ta tsaurara. Asibitin kirki yana ɗaukarki don ki duba mutane. Marar gaskiya kuwa waɗannan ukun yake so, kuma ya fi son sabuwar da bashin karatu ya danne, wadda ta gaji da jin "muna neman mai gogewar shekara biyu". Idan asiri ya tonu, sunan da ke kan takarda shi ake kira.

Karɓar aiki da baki

Wannan shi ne kuskure na farko, kuma ya fi kama waɗanda suka zo daga gida. Mai asibitin ɗan ƙasarku ne, ko an haɗa ku ta masallaci ko wurin biki, ya ce "ki fara zuwa Litinin, mu 'yan'uwa ne, takarda za ta biyo baya." Kunya ta hana ki tambaya. Cinikin biri a sama ke nan. Kada ki duba ko da mutum ɗaya sai kwantaragi yana hannunki, kin tafi da shi gida, kin kwana da shi. Wanda ya ce sai dai ki sa hannu nan take a ofishinsa ya riga ya nuna miki halinsa. Ki kai wa lauyan da ya san kwantaragin ma'aikatan lafiya a jiharki. Kuɗin awa ɗaya ko biyu da za ki biya shi ba ya kai albashin mako guda.

Abin da za ki nema a ciki: albashi da ranar biya, awannin aiki har da lokacin rubuta bayanan marasa lafiya, kwanakin da za a iya kiranki da dare da nawa ake biya a kai, hutu, kuɗin ƙarin ilimi, wanda zai biya sabunta lasisi da rajistar DEA, wadda kuɗinta dala 888 ne na shekara 3. Sai wa'adin barin aiki. Idan an ce ke sai kin ba da kwana 90 amma su za su iya sallamarki gobe, ki nemi a daidaita.

Ruɗuwa da yawan kuɗin awa

Wani zai ce dala kaza a awa, adadin ya fi na babban asibiti, sai a ƙarshe ki ji cewa a kan fom 1099 ne, wato ke 'yar kwangila ce, ba ma'aikaciya mai W-2 ba. 'Yar kwangila ita ke biyan harajin fansho da na Medicare (inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa tsofaffi) baki ɗaya, kashi 15.3 cikin 100, alhali ma'aikaciya kashi 7.65 ake cire mata, mai aiki ya biya sauran. Ba inshorar lafiya, ba hutun da ake biya, kuma ke za ki riƙa tura haraji sau 4 a shekara. Ki zauna da biro ki cire duk wannan kafin ki kwatanta. Sannan idan su ke tsara miki lokacin zuwa da tashi, da kayansu kike aiki, su ke faɗa miki yadda za ki yi, amma suna kiranki 'yar kwangila, akwai yiwuwar sun karya dokar haraji ne don su rage wa kansu nauyi.

Haka ma biya bisa yawan mutanen da kika gani ko kuɗin da inshora ta biya. Ga sabuwa wannan tarko ne, domin tantancewar kamfanonin inshora kan ɗauki wata 2 zuwa 4, kuma a watannin farko ba ki da sauri. Ki nemi tsayayyen albashi aƙalla na shekarar farko.

Rashin tambaya: da sunan wa ake cajin aikina?

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma makarantu ba su cika koyar da ita ba. Medicare na biyan aikin NP kashi 85 cikin 100 na abin da take biyan likita. Amma akwai hanyar da doka ta yarda a caji aikinki a ƙarƙashin sunan likita a karɓi 100 cif, bisa sharuɗɗa: likitan ya riga ya ga marar lafiyar, shi ya tsara magani, ke ci gaba kawai kike yi da tsarinsa, kuma yana sa ido kai tsaye a lokacin. Sabon marar lafiya bai shiga ciki ba, sabon ciwo ma haka. Asibitin da ke cajin duk mutanen da kika gani da sunan likitan da ba ya ko leƙowa, don ya ci wannan kashi 15, zamba yake yi.

Sauran alamomi a wannan fanni: a ce ki riƙa zaɓar lambar caji mafi tsada ga kowa, ko ki ga an canza lambar bayan kin rufe bayani; a ba ki bayanin da aka riga aka cika cewa kin duba zuciya, huhu, ciki da jijiyoyi alhali minti 5 kuka yi; a ce kowane marar lafiya sai an yi masa gwajin fitsari mai tsada ko wani gwajin jijiya, ko ciwonsa ya buƙata ko bai buƙata ba, a ɗakin gwajin da mai asibitin ke da hannun jari. Dokar tarayya kan cajin ƙarya, wadda asalinta tun 1863 ne, tana sa a biya ninki 3 na asarar gwamnati, ga tara a kan kowane caji ɗaya. Kuma ba sai an tabbatar kin yi niyya ba; kau da kai da gangan ya isa.

Gyaran mai sauƙi ne. A wurin ganawa ki tambaya kai tsaye: da lambar wa za a riƙa caji, kuma zan iya ganin rahoton abin da aka caja da lambata kowane wata? Mai gaskiya zai ce eh ba tare da ya ɓata rai ba. Kalmar sirrinki ta PECOS (shafin rajista da Medicare), ta NPPES (shafin lambar NPI) da ta CAQH (shafin da kamfanonin inshora ke duba bayananki) su kasance a hannunki. Idan ma'aikacin ofis zai taimaka miki da rajista, akwai hanyar ba shi izini da nasa asusun.

Aikin "sa hannu kawai daga gida"

Tallar takan zo da daɗi: aiki ta intanet, ki duba fayil, ki sa hannu, a biya ki kan kowane ɗaya. Fayilolin kuwa odar abin ɗaurin baya da gwiwa ne, ko gwajin ƙwayoyin halitta na cutar daji, ga tsofaffin da ba ki taɓa gani ba, waɗanda 'yan talla suka kira a waya suka karɓi lambar Medicare ɗinsu. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta bankaɗo irin wannan zamba ta abin ɗauri da ta haura dala biliyan 1.2, a Satumbar shekarar kuma ta gwajin ƙwayoyin halitta ta dala biliyan 2.1. A 2023 an yanke wa wata NP a Florida ɗaurin shekara 20 kan sa hannu a irin waɗannan odoji. Duba marar lafiya ta bidiyo aiki ne halastacce, ana yinsa da kyau a wurare da yawa. Abin da zai raba miki su shi ne wannan: ke kika ga mutumin, ke kika yanke cewa yana buƙatar abin, ko an kawo miki oda a cike ana jiran sunanki?

Sakaci da rajistar DEA

Kada ki taɓa sa hannu a takardar magani da ba a cika ba, ko da an ce don sauƙaƙa aiki ranar da ba kya nan. Kada ki ba kowa na'ura ko wayar da kike tabbatar da rubutun magani ta kwamfuta. An yi ta ne don ke kaɗai. Ki yi hattara da asibitin ciwon jiki da ke karɓar tsabar kuɗi kawai, mutane na zuwa daga nesa, kowa na fita da magani iri ɗaya, ana ce miki "ki sabunta musu abin da likita ya saba ba su." A Afrilun 2019 an tuhumi mutum 60 a yankin Afalashiya da ke gabashin Amurka kan rubuta magungunan dangin ofiyam ba bisa ƙa'ida ba, a cikinsu akwai likitoci 31 da NP 8. Kowace jiha tana da rumbun bayanai na irin waɗannan magunguna. Ki duba marar lafiya a ciki kafin ki rubuta, ki kuma riƙa duba rahoton abin da aka rubuta da lambarki, domin ta nan ake gane an yi amfani da ita a bayan idonki.

Likitan da ke kan takarda kawai

Fiye da rabin jihohi sun ba NP cikakken ikon aiki ba tare da likita ba, wasu bayan ta cika wasu awanni a ƙarƙashin kulawa. Sauran suna buƙatar yarjejeniya a rubuce. A Texas, alal misali, sai da yarjejeniyar ikon rubuta magani tsakaninki da likita, da tattaunawa a kai a kai da ake rubuta ta, kuma magungunan rukuni na 2, wato masu tsananin sa jaraba irin su mofin, an taƙaita wa NP su ga wasu wurare kamar cikin asibitin kwanciya da kula da masu jinyar ƙarshe. Ki karanta dokar jiharki a shafin hukumar nas-nas da idonki. Abin da mai asibiti ya faɗa miki ba hujja ba ne a gabansu.

Ki nemi ganin likitan ido da ido kafin ki karɓi aiki. Ki tambaye shi NP nawa yake kulawa, sau nawa yake zuwa, wa za ki kira idan ya yi tafiya. Ki duba lasisinsa a shafin hukumar likitocin jiha, kyauta ne, yana nuna ko an taɓa hukunta shi. Ki saka sunansa da na mai asibitin a jerin waɗanda ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya ya haramta wa hulɗa da Medicare. Minti 10 ya isa. Kuma ko jiharki ba ta tilasta ba, sabuwar NP da aka bari ita kaɗai a asibiti tun makon farko, da mutum 25 a rana, an zalunce ta, an kuma zalunci marasa lafiyar. Ki nemi a rubuta cewa za ki fara da kamar mutum 8 zuwa 10 a rana, a riƙa ƙarawa cikin wata 3 zuwa 6, da wanda za ki iya tambaya a cikin ginin.

Tambaya ɗaya da ke tona abubuwa da yawa: wadda ta riƙe wannan kujera kafin ni, wata nawa ta yi, kuma zan iya magana da ita?

Inshorar kuskuren aiki

"Muna da inshora" bai isa amsa ba. Ki karɓi kwafin takardar da ke ɗauke da sunanki. Adadin da aka saba shi ne dala miliyan 1 kan kowace ƙara, miliyan 3 a shekara. Iri biyu ce. Ɗaya tana kare ki kan duk abin da ya faru lokacin da take aiki, ko an kai ƙara bayan shekaru. Ɗayar sai idan an shigar da ƙarar tana raye. Ranar da kika bar aiki kariya ta yanke, sai an sayi ƙarin da Amurkawa ke kira wutsiya, kuma tana da tsada. A rubuta wanda zai biya ta. Ki ƙara da inshorar kanki mai ɗauke da kuɗin lauya idan an kai ki gaban hukumar nas-nas, domin lauyan asibiti asibiti yake karewa.

Sharaɗin hana aiki a kusa, da tarar barin aiki

Mutane da yawa sun ji cewa an soke sharaɗin da ke hana ki aiki a wani asibiti na kusa bayan kin tafi. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da doka a kai a Afrilun 2024, amma wata kotun tarayya a Texas ta dakatar da ita a Agustan shekarar, saboda haka dokar jiha ce ke aiki. Kalifoniya ba ta yarda da shi, jihohi da yawa suna yarda. Ki buɗe taswira ki auna milan da aka rubuta, ki lura ko daga reshen da kike aiki ake aunawa ko daga kowane reshe nasu. Ki duba kuma sharaɗin mayar da kuɗin maraba ko "kuɗin horo" idan kin tafi da wuri. A sa ya riƙa raguwa wata-wata. Wadda takardar zamanta ke rataye da mai aiki ta haɗa da lauyan shige da fice, saboda da wannan ake tsoratar da mutane su yi shiru.

Idan kin riga kin shiga

Ki daina sa hannu a abin da kike shakka tun yau. Ki rubuta damuwarki ga mai asibiti ko jami'in bin ƙa'ida ta imel, a taƙaice, da kwanan wata. Ki ajiye littafinki na abin da aka ce ki yi da ranar da aka faɗa, amma kada ki kwashi fayilolin marasa lafiya zuwa gida ko wayarki, wannan laifi ne na daban a ƙarƙashin HIPAA, dokar kare sirrin marasa lafiya. Ki ga lauya kafin ki yi murabus: dokar cajin ƙarya tana hana ramuwar gayya a kan mai tona asiri, kuma tana ba shi kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato idan an bi hanyar da ta tsara. Ki ba da wa'adi, ki miƙa marasa lafiyarki ga wani a rubuce don kada a ce kin yi watsi da su. Bayan kin fita, ki shiga PECOS ki soke izinin da kika ba asibitin na karɓar kuɗi da lambarki, ki canza adireshin aiki a NPPES cikin kwana 30, ki sanar da DEA, ki kuma sanar da hukumar jiha cewa yarjejeniyarki da likitan ta ƙare.

Wurin neman na gaba: cibiyoyin lafiyar al'umma da tarayya ke tallafawa, asibitocin tsoffin sojoji, da shirye-shiryen horon shekara guda na sabbin NP, irin wanda aka fara a Konetikat a 2007. Albashin horon ya fi ƙanƙanta, amma akwai mai koyarwa a kusa, kuma yawancin cibiyoyin al'ummar suna cikin wuraren da gwamnati ke taya ma'aikata biyan bashin karatu.