Yadda za ka kwance tambayar jera lokuta a gasar kodin

Jiya da daddare a Samaru wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a ABU ya zo min da laftof ɗinsa rai a ɓace, wai tambaya ɗaya ta hana shi barci, sau huɗu yana turawa ana dawo masa da ita. Ina dubawa na ga ai tsohuwar nan ce ta jera lokuta, riga kawai suke canza mata a wuraren gasar kodin irin su Codeforces da ICPC, yau su ce fina-finai gobe su ce taruka.

Ka ɗauka hol ɗaya gare ka a Kongo, mutane da yawa na son haya, kowa da lokacin shigarsa da na fitarsa, kuma biyu ba sa haɗuwa ciki. Taro nawa ne mafi yawa za ka iya karɓa? Shi ke nan tambayar fa.

Kafin ka taɓa kibod ka duba girman n, wato adadin tarukan. In ka ga 200,000 kuma sakan 1 aka ba kodinka ya gama, to manta da gwada kowane haɗi, ko taruka 30 ne haɗinsu ya haura biliyan 1.

Sai ka ɗauki biro da takarda ka ƙaryata dabarar da ta fara zuwa maka a kai, nan ne mutane ke ganda. Shi ƙanen nawa taron da ya riga farawa yake ɗauka, na ce to ga mai biki daga 8 na safe har 6 na yamma ya cinye ranar shi kaɗai, ga ƙananan taruka biyar ka kora. Ya ce to a ɗauki mafi gajarta. Na rubuta masa uku: 8 zuwa 12, 11 zuwa 1, 12 zuwa 4. Gajeren shi ne 11 zuwa 1, kana ɗaukarsa ya taka sauran biyun ka tashi da ɗaya, alhali biyu za su shiga. Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Abin da ke aiki shi ne ka jera su da lokacin TASHI, daga ƙarami zuwa babba. Ɗauki na farko ka riƙe lokacin tashinsa, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk wanda farawarsa ba ta riga wannan lokacin ba ka karɓe shi ka sabunta, wanda ya riga ka tsallake. Dalili kuwa, kowane tsari wani ya kawo maka komai kyansa, za ka iya cire taronsa na farko ka sa wanda ya fi saurin tashi kuma babu abin da zai ɓaci, tunda ya bar hol ɗin da wuri ne ma. Jerawar ce mai cin lokaci, wajen matakai n log n, sauran zagaye ɗaya ne.

Amma don Allah ka karanta tambayar da kyau, in wani ya tashi 12 wani zai fara 12, an yarda ko ba a yarda ba? Bambancin > da >= ne kawai amma ya sha kayar da ni, misalin da suka bayar a ƙasa yakan nuna maka.

In kuma suka ce kowane taro da kuɗinsa kuma riba ake nema ba yawa ba, wannan dabarar ta mutu, don mai biki ɗaya zai iya biyan abin da ya fi na biyar ɗin, sai ka koma DP, wato dynamic programming, dabarar gina amsar babbar matsala daga amsoshin ƙanananta da ka ajiye. Ita muka ajiye sai Asabar, don cajin laftof ɗin ya kai 4% kuma babu wuta.