Darasi na Tara: Tashi da Akwatin Kifi Zuwa Sabon Gida

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi, in zai tashi daga gida, hankalinsa yakan tafi kan gilashin, kada ya fashe. Amma abin da ya fi kashe kifi a ranar tashi shi ne ruwa.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a daina ba kifin abinci. Lafiyayyen kifi yana jure wannan yunwar. Idan cikinsa cike yake, zai yi kashi a ɗan ruwan da aka ɗauke shi, kashin ya fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi.

A tanadi bokiti da jarkoki waɗanda ba a taɓa zuba sabulu, omo ko fetur a cikinsu ba. Ranar tafiya, a fara kashe wutar kayan akwatin. In akwai na'urar ɗumama ruwa, a bari ta huce kafin a rage ruwan, don takan tsage idan ta fito da zafinta. Sai a ɗebi ruwan sama, mai haske, a cika jarkoki, ko da rabin abin da ke cikin akwatin ne. Wannan ruwan kifin ya saba da shi.

A kama kifin da 'yar raga, a sa a leda mai kauri: kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska. A ɗaure baki, a jera ledojin cikin kula ko kwali a rufe, domin duhu yana kwantar wa kifi da hankali. A yi tafiyar da sassafe ko da yamma. Motar da ta wuni a rana tana dafa leda cikin ɗan lokaci.

Ga inda mutane da yawa ke yin asara. Suna ganin soson matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, ya yi dauɗa, sai su wanke shi fes da ruwan famfo. Wannan dauɗar kuwa gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, su ne ke cinye gubar kashin kifi. Idan soson ya bushe, ko kilorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya taɓa shi, sun mutu, kuma sai an yi makonni kafin su dawo. A jiƙa soson da tsakuwar ƙasan akwatin a tsohon ruwa, a tafi da su a haka.

Kada a ɗaga akwatin da ruwa a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwa mai tangal-tangal yana buɗe haɗin gilashi.

A sabon gida, a ɗora akwatin a wuri mai daidai, nesa da taga. A mayar da tsakuwa, a zuba tsohon ruwa, a kunna matata. Ruwan cikawa a sa masa maganin cire kilorin tukuna. A ɗora ledar kifin a kan ruwan, tana ɗaure, minti 15 zuwa 20, zafinsu ya zo ɗaya, sannan a saki kifin. Abinci sai washegari, shi ma kaɗan.

Aiki: Akwatin Malama Hadiza yana cin lita 60. Kilo nawa ne nauyin ruwansa? Jarka nawa mai lita 20 za ta nema don ɗaukar kashi biyu cikin uku na ruwan?