Yadda za ka gwada lissafin Karl Marx a kan hawasha ɗaya

Ba sai ka mallaki Das Kapital, littafin Karl Marx, ba kafin ka fahimci abin da 'yan gurguzu ke tuhumar jari-hujja da shi. Juzu'in farko ya fito a 1867, kuma kaurinsa kaɗai ya isa ya kori mutum. Nemi littafin rubutu na 'yan makaranta, da biro, da gona ɗaya da ka san cikinta. Ni da hawashar auduga, wato gonar da ake yanka wa manomi a shirin noman rani na Jazira, nake koya wa samarinmu a Mai Wurno da ke Sudan, domin da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa tsinkar auduga a Jazira. Marx ɗin ma da auduga da zare ya buga misali, abokinsa Engels kuwa a kamfanin zaren da mahaifinsa ke da hannun jari ya yi aiki, a Manchester.

Raba shafi gida uku. A na farko zuba iri, taki, maganin ƙwari, kuɗin ruwa, hayar tarakta da buhuna. A wurin Marx waɗannan ba sa haihuwa, ƙimarsu ce kawai ke komawa cikin audugar. A gida na biyu rubuta ladan duk hannun da ya taɓa gonar, daga shuka da noma har tsinka. In mai hawasha da kansa yake fita ban ruwa da dare, yanka masa lada kamar kowa ka sa a nan, in ba haka ba lissafin zai zalunce shi. Abin da ya rage bayan an sayar shi ne gida na uku, wato rarar ƙima.

A nan aikin yake. Mu ƙaddara kayan aiki sun ci 300, lada 100, an sayar a 500. Saura 100. Mai gona zai raba wannan 100 da 400 ɗin da ya kashe, ya ce ribarsa kashi 25 cikin ɗari ce, ba wani abin a zo a gani ba. Marx zai ce a raba ta da lada kaɗai, tunda aiki ne ya haife ta, sai ta tashi ɗari bisa ɗari. Mayar da ita sa'o'i ka gani: matar da ta sunkuya sa'a goma da buhu ɗaure a ƙugu, ɓawon auduga na yayyanka mata yatsu, biyar ta yi wa kanta, biyar ta yi wa wani.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman inda aka yi coge a ma'auni. Samari suna son nan, amma zargin Marx ya wuce shi. Cewa yake ko mai gona mai tsoron Allah ne, ya biya lebura cif-cif kafin guminsa ya bushe, rarar tana nan. Leburan ba shi da ƙasa, ba shi da ruwa, dole ya sayar da ƙarfinsa a farashin da zai ciyar da shi ya dawo gobe.

Sai ka bi sawun gida na uku, ka ga bakin da ya shiga. Da aka gama madatsar Sennar mai shayar da gonakin Jazira a 1925, manoman hawasha kashi 40 cikin ɗari na kuɗin auduga aka ware musu, gwamnatin Turawa da kamfanin Sudan Plantations Syndicate suka raba sauran, audugar kuma ta bi jirgin ƙasa zuwa Port Sudan, ta wuce masaƙun Lancashire a Ingila. A 1950 hukumar Jazira ta gaji kamfanin. Kada ka manta da ɗan kasuwar da ke ba da bashin shel, wanda ke saye amfanin gona da araha tun yana tsaye. Za ka tarar mai hawasha na cikin tsaka mai wuya: na sama na cin guminsa, shi kuma yana cin na mutanen kambo, wato leburorin da ke zaune a sansanonin gefen gonaki, waɗanda babu sunansu a wancan rabon sam, kuma namu na da yawa a cikinsu. Jam'iyyar gurguzu ta Sudan, da aka kafa a 1946, ta yi ƙarfi a tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da manoman Jazira, amma a ganina muryar mai hawasha ta fi ta ɗan kambo tashi a wannan gwagwarmaya.

Gwada lissafin da shekarar da farashi ya faɗi. Aikin bai ragu ba, amma gida na uku ya koma bashi. Da irin wannan masana kamar Jevons da Menger suka kafa hujja tun 1871, cewa buƙatar mai saye ce ke yanke ƙima. Mabiya Marx za su ce kaka ɗaya ba ta isa shaida ba, a duba matsakaicin shekaru. Saboda haka tara kaka da yawa, kuma ka riƙa rubutawa da buhu da sa'o'i, domin fam ɗin bara ba shi ne na bana ba.

In za ka kai littafin wurin hirar dattawan gari, fara da lambobin, ka ajiye sunan mai lissafin tukuna. An haramta jam'iyyar gurguzun a 1965 bisa zargin ɓatanci ga addini, an rataye shugabanta Abdulkhaliƙ Mahjub a 1971, kuma har yau akwai baffan da zai naɗe tabarmarsa da jin kalmar shuyu'i, wato ɗan gurguzu, tun ba ka kai gida na biyu ba.