Fita Shan Iska a Gandayen Dajin Jihar Niyok: Shawara ga Sababbin Zuwa

Yawancin 'yan'uwanmu da ke sauka a birnin Niyok, musamman a yankin Bronx inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya suka fi taruwa, kan shafe shekara guda ko biyu daga ɗaki sai wurin aiki sai masallaci, alhali tafiyar sa'a guda da 'yan mintuna a mota za ta kai mutum gandayen dajin da gwamnatin jiha ta tanada domin kowa ya je ya huta da iyalinsa. Abin da ake biya a bakin ƙofa kuɗin mota ne, ba na kai ba, galibi dala 6 zuwa 10, ko da mutum bakwai ne a ciki. Wanda zai riƙa zuwa a kai a kai ya fi masa sauƙi ya sayi katin shekara da ake kira Empire Pass.

Ga mai farawa, ban ga wurin da ya kai Bear Mountain ba, wanda ke gaɓar kogin Hudson, kimanin kilomita 80 arewa da birnin. A gindin dutsen akwai tafkin Hessian da tebura a ƙarƙashin inuwa, akwai kuma ƙaramin gidan dabbobi da yara ke so. Maƙwabcinsa Harriman ya fi shi girma nesa ba kusa ba, domin ya haura eka 47,000, yana da tafkuna 31 da hanyoyin ƙafa na kusan kilomita 320. Wanda bai sami mota ba tukuna yana iya fara lallaɓawa zuwa wurin shaƙatawa na Roberto Clemente da ke cikin Bronx ɗin, a bakin kogin Harlem.

A yi sammako. A ranakun Asabar da Lahadi na Yuli da Agusta, da zarar wurin ajiye motoci ya cika sai a rufe ƙofa. Ni kaina na taɓa ɓata safiya ina jiran abokan tafiya su gama shiri, muka isa da azahar, muka tarar an rufe, ƙarshenta a cikin mota muka buɗe kular shinkafa, yara na ta ƙunƙuni. Laifinmu ne, ba na kowa ba.

Abin da ya fi cancantar a yi hattara da shi a dajin nan ƙarami ne ƙwarai, wato kaska. Mun san kaska a jikin shanu da karnuka, amma ta nan ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, 'ya'yanta ma sun fi haka ƙanƙanta, tana maƙale a ciyawa da busassun ganye, kuma ita ce ke yaɗa cutar Lyme mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Cizonta ba ya zafi, saboda haka mutum ba zai ankara ba. A sa dogon wando a cusa bakinsa cikin safa, a fesa maganin ƙwari, mata kuma su lura da gefen doguwar riga da hijabi mai sharar ƙasa. Idan an dawo gida a duba jikin yara da kyau, musamman bayan kunne da hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Idan jan tabo ya fito yana faɗi, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya wurin likita, domin cutar na jin magani idan an tare ta da wuri.

Ruwa ma ba abin wasa ba ne. Ba a yarda a yi iyo ba sai a wurin da aka keɓe, kuma sai masu ceto suna bakin aiki, ko da mutum ya tashi yana ninƙaya a kogin Neja. Kamun kifi a tafkunan na buƙatar lasisi ga wanda ya kai shekara 16. Gashin nama kuwa ana yin sa ne a murhun ƙarfen da aka girke a wuraren cin abinci, sai a zo da gawayi, a kashe garwashin da ruwa kafin a tashi, a kwashe shara.

Batun salla ba shi da wuya: a ɗauki buta da darduma, a sami gefe mai tsabta, a tuna cewa alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Mai son shiga daji ya bi fentin alamar hanya da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu, ya sauke taswira a wayarsa tun daga gida, domin sabis kan ɗauke a cikin kwazazzabai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8:30 na dare, amma a Disamba 4:30 na yamma duhu ya soma, saboda haka a lokacin sanyi a juyo tun kafin la'asar.