Yadda ake amfani da asfirin wajen kula da Peace Lily

Ka daka ƙwayar asfirin ɗaya mai miligiram 300, marar suga a bayanta, ka narkar a ruwa lita 4. Ka zuba a gindin Peace Lily, wato shukar ado ta cikin gida mai farin fure, da sassafe, sau ɗaya a wata. In ka ƙara yawa, bakin ganyen zai ƙone ya yi ƙasa-ƙasa.

Ana cewa asfirin ƙarfin jure wahala yake ƙara mata, amma haske ne ke kawo farin furen. A Sakkwato, ajiye ta kusa da taga mai labule, domin ranar Afrilu kai-tsaye na babbake ganye. Da hunturu kuwa, ka riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Tukunya lallai ta zama mai huji, kar saiwa ta ruɓe.

Ganyenta na ƙona baki in an tauna, a nisanta ta da yara da kyanwa.